Baƙar hoda mai bin mayen ƙarfe da tawada mai haske: masu gadin kuɗin da ke cikin lalitarku

Duk wanda ya taɓa zama bakin tebur a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ya san lokacin da ɗan kasuwa ya fi shiga haɗari. Wajen faɗuwar rana ne, ido ya gaji, kowa na gaggawa, sai ga baƙo ya sayi kayan jikka ɗaya da rabi ya miƙo takardar jikka goma. Hajiya ki ba shi kaya, ki kwance lalita ki ƙirga mashi canjin jikka takwas da rabi, ya yi godiya ya ɓace cikin jama'a. Washegari ki kai takardar wurin mai sari, ya saka ta cikin na'urar ƙirga, na'ura ta yi ƙara ta tsaya. Ya haska ta da wata ƴar fitila mai hasken shuni, ya girgiza kai. Jabu ce. Kaya sun tafi, canji ya tafi, ribar kwana da kwanaki ta bi ruwa.

To, me na'urar nan ta nema ba ta samu ba? Me fitilar ta nuna ma mai sari wanda ido bai gani ba a hasken rana? Abu biyu ne masana ke haɗawa a ɗakin bincike: wata baƙar hoda da mayen ƙarfe ke ja, da wani sinadari da ke haske idan an haska shi da fitila ta musamman. Wanda ya san yadda ake yin su, zai san abin da na'ura ke iya gano mashi, ya kuma san inda ɓarawo ke iya yaudarar ta.

Ferit: kun daɗe kuna riƙe da shi

Sunan baƙar hodar ferit. Sunan baƙo ne, amma abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rediyo ya ga wata baƙar sanda da aka naɗe da siririyar waya. Ita ce eriyar da ke kamo tashoshin matsakaicin zango, kuma ferit ce. Baƙin zoben nan mai nauyi da ke bayan lasifika, wanda yara ke ciro wa suna jan ƙusa da shi, ferit ne. Ɗan kumburin da ake gani a jikin wayar cajar kwamfuta, shi ma ferit ne a ciki, yana hana hayaniyar lantarki shiga na'ura.

Asalinsa ɗan uwan tsatsa ne, wato ƙarfe da ya haɗu da iskar oksijan. Akwai wanda ake samu cikin ƙasa, ana ce mashi manyetit. Idan yaro ya ja mayen lasifika cikin yashin ƙorama bayan ruwan sama, baƙin gari yakan manne mashi kamar gemu. Yawancinsa manyetit ne. Amma ferit na masana'anta, wasu malaman jami'a biyu na birnin Tokiyo a ƙasar Japan, Yogoro Kato da Takeshi Takei, su ne suka fara haɗa shi a 1930. A 1935 aka kafa kamfanin TDK don a riƙa sayar da shi, kamfanin nan dai da muka sani da kaset. Ita kanta igiyar kaset, garin tsatsar ƙarfe ne aka shafa mata, shi ke riƙe muryar mawaƙi.

Yadda ake yin babban ferit bai yi nisa da aikin masu ginin tukwane na Mirriya ba. Ana cuɗa garin tsatsar ƙarfe da garin wani ma'adini, a gasa, a niƙa, a matse cikin mazubi, a sake gasawa da wutar da ta kai kamar digiri 1200. Idan da bariyom ko istironsiyom aka cuɗa, a samu mayen ƙarfe mai riƙe ƙarfinsa, irin na lasifika. Idan da tutiya da manganis ko nikel ne, a samu irin na eriya da na cikin caja.

Yadda ake mayar da shi ƙanƙane

Abin da masana suka fi mayar da hankali a kai yanzu shi ne ferit mai ƙanƙanta ƙwarai. Ma'auninsa nanomita. A raba mita ɗaya gida miliyan dubu, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai kamar nanomita 80,000, ita kuwa ƙwayar hodar da muke magana ba ta wuce nanomita 10 ba. Ke nan sai an jera ƙwaya wajen 8,000 kafin su kai kaurin gashi guda. Babu turmi ko injin niƙa da zai ba da irin wannan laushi cikin sauƙi, shi ya sa ba a niƙa ta, a cikin ruwa ake haifar da ita.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda wani masanin Faransa, René Massart, ya bayyana a 1981. Ana narka gishirin ƙarfe iri biyu cikin ruwa, awo biyu na ɗaya, awo ɗaya na ɗayan. Ruwan yakan yi kalar ruwan goro. Ana cikin motsawa sai a tsiyaya amoniyak, ruwan nan mai warin da ke hawa kai. Nan take ruwan ya koma baƙi ƙirin, domin ƙwayoyin manyetit sun fito miliyan bisa miliyan. A aza tulun gilashin bisa mayen ƙarfe, hodar ta taru a ƙasa, a tsiyaye ruwan sama, a wanke sau da yawa. Zafin ruwa, da saurin motsawa, da yawan amoniyak, su ke sa ƙwayar ta yi girma ko ta ƙanƙance, kamar yadda mai dama kunu ta san wuta da hannu su ke hana gudaji.

Saura matsala ɗaya: ƙwayoyin na son manne wa juna su dunƙule. Sai a yi masu riga. Wani lokaci da sinadarin tsamin lemu, wani lokaci da wani maiƙo irin wanda ya fi yawa cikin man gyaɗa. Rigar ke sa kowace ƙwaya ta tsaya ita kaɗai.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda idan ƙwayar ta gaza kamar nanomita 20, halinta yana sauyawa. Idan an kawo mayen ƙarfe kusa, ta bi shi da ƙarfi. Da an janye shi, ta saki, ta watse cikin ruwa kamar ba ta taɓa saninsa ba. Louis Néel, wani masanin Faransa da ya samu kyautar Nobel a 1970, yana cikin waɗanda suka fara bayanin wannan hali. Shi ke ba da dama a kira hodar a lokacin da ake so, a sallame ta a lokacin da ake so. A 1963 wani injiniya na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, Steve Papell, ya haɗa ruwa mai ɗauke da irin wannan hoda, wanda mayen ƙarfe ke ja kamar ƙusa. Har yau ana zuba ɗigonsa cikin wasu lasifikoki don ya rage masu zafi.

Abin da ke haske cikin duhu

Mai gadi na biyu haske ne. Cikin hasken rana akwai wani sashe da idon mutum ba ya gani, sunansa ultrabiyole, shi ne harufan UV da ake rubutawa jikin na'urar ƙirga. Akwai abubuwan da idan wannan haske ya sauka kansu, sai su shanye shi su mayar da shi da kalar da ido ke gani. Da an kashe fitila, hasken ya ɗauke. Wani masani, George Stokes, ya yi bayanin haka a 1852, kuma da ruwan kinin ya yi gwajinsa, kinin ɗin nan na maganin masassara, wanda ke ba da haske shuɗi.

Misalansa na kewaye da mu. Kunama, idan aka haska ta da fitilar UV da dare, jikinta duka yakan yi haske tsanwa-tsanwa. Garin sabulun wanki irin su Omo, ana zuba mashi sinadarin da ke mayar da haske shuɗi, shi ya sa farar shadda ke ƙara fari a rana. Ita ma farar takardar fotokofi ana saka mata irinsa. Likitan ido yakan ɗiga wani ruwa mai kalar lemu a ido, ya haska da shuɗiyar fitila, wurin da ya kurje ya fito tsanwa shar.

Masana na da irin waɗannan sinadarai kala-kala. Akwai na rini. Akwai na ma'adinai masu wuyar samu, irin su yurofiyom mai ba da ja da tarbiyom mai ba da tsanwa. Akwai kuma wasu ƴan ƙwayoyi da girmansu ke yanke kalarsu, ƙarama ta ba da shuɗi, babba ta ba da ja. Aikin da aka yi kansu ya sa Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov suka samu kyautar Nobel a 2023, kuma ana saka su cikin gilashin wasu talabijin. Da yake wasunsu na ɗauke da kadmiyom, wanda guba ne, tun 2004 aka gano wasu na gawayi zalla. Abin mamaki, ana iya samun su ta hanyar dafa tsamin lemu da yuriya, takin zamanin nan da ake sayarwa buhu-buhu.

Auren baƙi da haske

Inda aikin ya fi wuya shi ne haɗa su biyun cikin ƙwaya guda, ta bi mayen ƙarfe kuma ta yi haske. Mai rini ya san baƙin ƙyalle ko sau nawa aka tsoma shi a baba ba ya nuna kala. Haka ferit yake. Baƙi ne, yana shanye hasken da ya shigo da wanda zai fita, kuma idan sinadarin haske ya zauna jikinsa kai tsaye, sai ya kashe shi gaba ɗaya.

Dabarar ita ce a gina katanga tsakaninsu. Ana lulluɓe kowace ƙwaya da silika, wato abin da ake yin gilashi da shi, wanda shi ne jikin farin yashi. Hanyar ta samo asali daga aikin Werner Stöber da abokansa a 1968: ana watsa hodar cikin alkol da ɗan ruwa da amoniyak, a ɗiga wani ruwa mai silika, a bar shi yana motsi na wasu awoyi, gilashin ya riƙa taruwa a hankali jikin kowace ƙwaya. Daga nan a liƙa sinadarin haske a bayan gilashin. Ku ɗauka kamar ƙwai ne: gwaiduwa ita ce ferit, farin ƙwai shi ne gilashi, ɓawo shi ne mai haske. Idan katangar ta yi siriri, haske ya mutu. Idan ta yi kauri, jan mayen ƙarfe ya yi rauni. Gwanintar masani ita ce ya samu tsakiya.

Amfanin wannan aure a taƙaice: ɗaya ya kamo, ɗaya ya nuna. A masana'antun jiragen sama da na ƙasa, idan ana so a san ko ƙarfe ya tsage, ana mayar da shi maye na ɗan lokaci, a kwarara mashi ruwa mai hodar ƙarfe da rini mai haske. Hodar ta taru bakin tsagar da ido ba ya gani, fitilar UV ta nuna ta kamar an ja layi da alli. Ana yin haka ga sandar ƙarfen da ke riƙe tayun manyan motoci, irin wadda idan ta karye da kaya a hanya asarar ba ta dukiya kaɗai ba ce. Masu binciken laifi na amfani da hoda mai halin nan biyu wajen fito da shatin yatsun ɓarawo. A likita kuwa, ƴan ƙwayoyin mayen ƙarfe ne ke kamo ƙwayar halittar cuta daga majina a na'urori da yawa na gwajin korona na 2020, sa'an nan wani rini mai haske ya nuna ko cutar na nan. A 2009 Amurka ta amince da wata allurar ƙarin jini da aka yi da irin wannan hoda. Shi kuwa amfani da ƙwaya mai hali biyu don neman ciwon daji cikin jiki, yawancinsa yana matakin bincike.

Mu dawo kasuwa

Masu buga kuɗi sun daɗe da ɗaukar waɗannan masu gadi aiki. Tun ƙarshen shekarun 1950 bankunan Amurka ke buga lambobin ƙasan cek da tawada mai garin ƙarfe don na'ura ta karanta. Baƙar tawadar da ke fuskar dalar Amurka na da wannan gari. Idan aka rataye takardar aka kawo maye mai ƙarfi kusa, takan ɗan motsa. Garin tawada bai kai na ɗakin bincike laushi ba, amma dangi ɗaya ne. Harufan MG da ke jikin na'urar ƙirga, shi suke nufi: na'urar na shinshinar ƙarfe a wuraren da ya kamata a same shi. Ta ɓangaren haske kuwa, zaren da ke cikin dalar Amurka kowace takarda da kalarta a ƙarƙashin fitilar UV: ta 5 shuɗi, ta 10 ruwan lemu, ta 20 tsanwa, ta 50 ruwan ɗorawa, ta 100 ruwan hoda. Masu canji da masu zuwa sari ƙasashen waje su riƙe wannan da kyau, domin akwai masu wanke ƙaramar takarda su buga babban adadi a kanta, amma zaren ba ya canza kala.

Namu kuɗin sefa, babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar ke fitar da su ga ƙasashe 8. Takardun jikka ɗaya, biyu, biyar da goma da muke riƙewa sun fito a 2003, ta dala ɗari kuma a 2012. Kowace ƙasa da harafinta kusa da lambar takarda, na Nijar H ne, amma duka suna ci ko'ina cikin ƙasashen takwas. Takardar kuɗi da auduga ake yin ta, ba a saka mata sinadarin ƙara fari. Saboda haka a ƙarƙashin fitilar UV jikinta yakan zauna dishi-dishi, wasu alamu kaɗai ke haske. Takardar da aka buga bisa farar takardar fotokofi kuwa, duk jikinta ke ɗaukar haske shuɗi fayau. Ka'idar nan ta shafi sefa, ta shafi Yuro, ta shafi manyan takardun naira da ake juyawa a Ɗan Isa da Ƙonni da Magariya, ban da ƙananan naira na roba.

Sai dai a yi hattara, na'ura ba ta san komai ba. Takarda ta gaskiya da aka manta cikin aljihu aka wanke da garin sabulu, ita ma tana iya yin haske shuɗi, domin sabulun ya shiga jikinta. Kada a yi saurin kiran mai ita ɓarawo. Su ma masu jabu ba barci suke ba: suna shafa alƙalami mai haske don kwaikwayon alamu, kuma hodar wasu injunan bugu na ofis tana ɗauke da garin ƙarfe, har ta iya ruɗa ƙaramar na'ura. Fitilar da ke zubo hasken shuni da yawa tana rufe alamun. A gwada takarda a inuwa, kuma kada a haska fitilar cikin ido, ko a bar yara su yi wasa da ita.

Dabarar da ba ta cin ko tamma ita ce a ajiye takarda ɗaya mai kyau da aka karɓo daga banki, a riƙa aza ta kusa da wadda ake shakka. A taɓa: ta gaskiya tana da ƙarfi, tana ƙara idan an kaɗa ta, manyan rubutunta na da tudu a ƙarƙashin yatsa. A ɗaga ta sama wajen haske: hoton ɓoye zai bayyana cikin jikin takardar, da zaren da ya ratsa ta. A karkata ta: ɗamarar nan mai sheƙi ta jikka biyar da jikka goma sai ta yi wasa da haske, ba ta tsaya kamar takardar alawa da aka liƙa ba. Bayan haka sai fitila da na'ura su ba da tasu shaida. Mai jabu yana iya cin jarrabawa ɗaya, da wuya ya ci huɗu. Idan kuma an kawo takardu da yawa sababbi, a duba lambobinsu. Biyu masu lamba ɗaya ba su fito daga banki ba.

Akwai wata damfarar da ke fakewa da sunan kimiyya. Mutum ya zo da akwati cike da baƙaƙen takardu, ya wanke ɗaya ko biyu da wani ruwa su zama dalar Amurka, ya ce a kawo kuɗin sayen sauran ruwan a raba riba. Waɗanda ya wanke na gaskiya ne da ya shafa ma baƙi tun a gida, sauran takarda ce yankakka. Babu sinadarin da ke mayar da takarda kuɗi.

Wanda jabu ta faɗa hannunsa, banki ba ya biyansa, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma tura ta ga maƙwabciya mai sayar da ƙuli-ƙuli ba mafita ba ce: wanda ya san takarda jabu ce ya kuma kashe ta, doka na kama shi. A kai ta wurin ƴan sanda ko jandarma, ko ofishin BCEAO na Yamai, Maraɗi ko Damagaram. Can ne kuma ake kai takarda ta gaskiya da ta yage ko ta sha wanki, a duba ta a canza.

Ƴan rumfa ɗaya na iya haɗa kuɗi su sayi fitila guda, su ajiye ta wurin wanda kowa ya yarda da shi, babbar takarda ba ta shiga lalita sai ta bi ta can. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin jiran minti ɗaya. Wanda ya fara faɗa da gaggawa don an ce za a duba kuɗinsa, shi ne abin lura. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A haɗa ido da yatsa da fitila, musamman wajen faɗuwar rana. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.